Ɗigar fitsari lokacin tari da yoyon fitsari: yadda ake bambanta su

'Yar'uwa, kin rubuto daga Tudun Wada cewa ƙanwarki ta haifi ɗanta na biyar wata huɗu da suka wuce, kuma tun daga lokacin duk sanda ta yi tari ko ta ɗaga bokitin ruwa sai fitsari ya kufce mata, wani lokaci har iska takan fita ba da saninta ba, matan gida kuma sun ce yoyon fitsari ne, sai an yi mata tiyata. Allah Ya ba ta lafiya. Larurori biyu ne mutane ke kira da suna ɗaya, alhali asalinsu da maganinsu sun sha bamban.

Tambayar farko da za ki yi mata ita ce yaushe take jiƙewa. Idan ta kwana zaninta a bushe, ta tashi da safe mararta cike ta je ta yi fitsari kamar kowa, sai dai tari, atishawa, dariya ko ɗaukar kaya su sa ya ɗiga, to alamar ta fi nuna raunin tsokar ƙasan mara, wadda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Ciki da haihuwa a kai a kai suna sassauta ta, haka ƙiba da yunƙurin bayan gida mai tauri, abin kuma kan tsananta da hunturu, lokacin da ƙura ta cika gari kowa na tari. Mafitsarar kanta ba ta huje ba, bakinta ne ba ya rufuwa da ƙarfi.

Yoyon fitsari kuwa huji ne tsakanin mafitsara da gaban mace. Yawanci doguwar naƙuda ce ke jawo shi, idan kan jariri ya tokare na tsawon kwana ko fiye ya danne naman wurin har jini ya daina isa gare shi, bayan 'yan kwanaki naman ya mutu ya faɗi. Yankan gishiri ma yana haddasa shi. Mai wannan larura ba ta jiran tari: tana zaune yana zuba, tana barci yana zuba, da safe a sami katifa sharkaf ko da an shimfiɗa leda, kuma sau da yawa ba ta ma jin fitsarin ya taru.

A nan ne hanya ta rabu. Raunin tsoka ana fara maganinsa da atisaye ne, wato ta matse wurin kamar mai riƙe iska a cikin jama'a, ta riƙe na 'yan daƙiƙoƙi ta saki, aƙalla sau 8 a zama ɗaya, zama 3 a rana, ta dage wata 3 kafin a ce bai yi aiki ba. Wasu masu cewa sun gwada sun daina ne tun kafin lokacin ya cika. Huji kuwa atisaye ba ya toshe shi, tsimi da sassaƙe ma haka. Idan sabo ne kuma ƙarami, robar fitsari da aka bari na wasu makonni takan sa ya haɗe da kansa, in ba haka ba sai ɗinki a hannun ƙwararre. A jihar Kaduna akwai sashen wannan aiki a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Zariya, akwai kuma babbar cibiyar tarayya ta Babbar Ruga a Katsina.

Maganar iskar nan ce ta fi tsaya mini a rai, domin mata sukan iya faɗin na fitsari su ɓoye na bayan gida. Ki keɓe da ita ki tambaye ta ko ta ƙaru a haihuwar nan, an ɗinke ko ba a ɗinke ba, kuma ta ina abin yake fita. Idan ta dubura yake kufcewa, mai yiwuwa yagewar ta taɓa tsokar da ke tsuke dubura. Idan kuwa ta gaba take ganin iska ko ɓurɓushin bayan gida, wannan huji ne tsakanin dubura da gaba, kuma bai kamata a jinkirta zuwa asibiti ba. Duka biyun ana gyara su.

Daga bayaninki na fi karkata ga raunin tsoka, amma dubawa ce kaɗai za ta tabbatar. Ku je sashen mata na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna ko wani babban asibiti kusa da ku. Gwajin ba mai wahala ba ne: ana zuba ruwa mai launin shuɗi a mafitsara ta roba, idan ya ɓullo ta gaba an san akwai huji. Za a kuma auna fitsarin, domin ciwon sanyin mafitsara da ciwon suga suna ƙara matsuwa.

Kafin nan, don Allah kada ta rage shan ruwa. Mata da yawa sukan yini da ƙishirwa don gudun kunya, fitsarin ya yi kauri, zarninsa ya ƙaru, ya riƙa cin fata, bayan gida kuma ya yi tauri, ga ta tana shayarwa. Abin da za ta rage shi ne shayi mai ƙarfi, kofi da goro. Ta riƙa sauya ƙunzugu da zarar ya jiƙe, ta wanke wurin da ruwa ta tsane shi, ta shafa man kaɗanya ko basilin. Idan kuma tana barin salla saboda shakkar tsarki, ku tuntuɓi malami ko malamar Islamiyyarku, domin fikihu ya san wannan larura da sunan salisul bauli kuma ya yi wa mai ita rangwame.