Ɗebe lamba mai ɓangare: aro ko mayarwa?

Iyaye da ɗalibai a nan Jos suna yawan tambayata wace hanya ta fi idan za a ɗebe 2⅔ daga 5¼, tunda lambobin ƙasa sun bambanta.

Hanyar mayarwa ita ce a maida kowace lamba ɓangare zalla: 5¼ ta zama 21/4, 2⅔ ta zama 8/3. A daidaita ƙasa zuwa 12, a sami 63/12 da 32/12, saura 31/12, wato 2 da 7/12. Ba ta da ruɗani, mataki iri ɗaya ne kullum. Amma idan lambobin suka girma, aiki ya ƙaru: 48¼ sai ta koma 579/12, kuma nan ne kuskuren ninkawa ke shigowa.

Hanyar aro ta fi sauri. A daidaita ƙasa tukuna: 5 da 3/12, 2 da 8/12. Uku ba ta kai takwas ba, sai a ari ɗaya daga 5, a sami 4 da 15/12. Amsa dai 2 da 7/12. Haɗarinta yana wajen aron: yara da yawa kan rubuta 13/12, don sun saba aron goma, alhali ɗayan nan 12/12 ne. Wannan kuskure yana damuna ƙwarai, domin yaron ya iya komai, wuri ɗaya ya zame.

Ɗan firamare mai shirin jarabawa, wanda bai zauna da ɓangare sosai ba, mayarwa ta fi masa aminci. Wanda ya gane aron, ko tela a kasuwar Terminus mai lissafin yadi a ka, hanyar aro ce tasa.