Duba gida kafin saye a sababbin rukunonin Katsina: abin da na gani a aikin wani kamfanin injiniyoyi

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma ko hanyar Daura ko ta Jibia a 'yan shekarun nan ya ga yadda gonaki suke komawa fulotai, fulotan kuma suke komawa rukunonin gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe. Tare da wannan bunƙasa wata sana'a ta fara samun kasuwa a Katsina, wato ta injiniyoyi masu zaman kansu waɗanda ake biya su duba gida ko fili kafin mai saye ya miƙa kuɗinsa. Na ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni domin ya duba mini wani gida mai ɗaki uku a wani sabon rukuni da ke bayan gari, kuma ina ganin aikin nasu ya cancanci a yi masa sharhi, da alherinsa da naƙasunsa.

Tambayar da na fara yi wa injiniyan ita ce ta girgizar ƙasa, domin tun bayan bala'in da ya auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, wanda ƙarfinsa ya kai maki 7.8 kuma ya hallaka mutane fiye da 50,000, maganar ba ta bar zuciyata ba. A watan Satumba na shekarar kuma aka yi wata a Maroko mai maki 6.8, inda ƙauyukan da aka gina da ƙasa a tsaunukan Atlas suka fi jin jiki. Abin da ya fara burge ni shi ne injiniyan bai tsoratar da ni don ya ƙara kuɗin aiki ba, bai kuma yi wa tambayar dariya ba. Ya bayyana mini cewa Nijeriya tana nesa da wuraren da manyan ɓangarorin ɓawon ƙasa suke gogayya, irin su Turkiyya ko tsagin da ya ratsa Habasha da Kenya, saboda haka haɗarin babbar girgiza a nan ƙarami ne ƙwarai. Sai dai ya tuna mini cewa ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi ta jihar Kaduna a Satumban 2016, da unguwar Mpape ta Abuja a Satumban 2018, lokacin da hukumomi suka dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a yankin na wani lokaci. Akwai ma cibiya a Toro ta jihar Bauchi wadda aikinta ya haɗa da bibiyar irin wannan motsi.

Daga nan ya faɗi maganar da na ɗauka ita ce jigon aikin gaba ɗaya. Ya ce, “Alhaji, abin da zai kayar da gida a Katsina ba girgiza ba ce, ruwan damina ne da ƙasar da aka cike da kuma ha'incin siminti, amma ginin da ya tsira daga waɗannan ukun shi ne kuma zai jure ƙaramar girgiza in Allah Ya kawo ta.” Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari. A Turkiyya ma ba ƙarfin girgizar kaɗai ne ya yi ɓarna ba, har da gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, shi ya sa aka kama 'yan kwangila da dama daga baya. Mu kuwa a nan ba mu manta da ambaliyar Jibia ta watan Yulin 2018 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje cikin dare ɗaya.

Wajen duba ƙasa ne suka fi nuna ƙwarewa. Sun haƙa ramukan gwaji a gefen gidan har suka wuce zurfin harsashi, sannan injiniyan ya kira ni in leƙa da idona. A rami na farko ƙasa ce ja mai tauri tun daga sama har ƙasa. A na biyu kuwa, wanda ke bayan kicin, da aka ɗan nitsa sai ga baƙar ƙasa mai laushi da guntayen leda da fasassun tukwane, alamar cewa a dā akwai rami ko ƙaramin kududdufi a wurin, aka cike shi da shara aka bi da jar ƙasa a kai. Irin wannan wuri yana ci gaba da zama a hankali shekara da shekaru, kuma idan rabin gida yana kan ƙasa mai ƙarfi rabi yana kan ciko, bango zai tsage ko da ƙasa ba ta taɓa motsi ba. Babu dillalin da zai gaya wa mai saye wannan, wataƙila ma shi kansa bai sani ba.

Sun kuma gwada ƙarfin kankaren ginshiƙai da wata 'yar na'ura da ake dannawa a jikinsa, suka bi bango da wata mai gano rodi domin su tabbatar ko lintal ya zagaye gidan gaba ɗaya ko kuwa a kan ƙofofi da tagogi kawai aka ɗora shi. Wannan zagayen shi ne ke ɗaure bangaye wuri ɗaya kamar ɗamara, kuma a nan gidan ya ci jarrabawa. Bulon katanga ne ya ba da kunya, domin injiniyan ya murza gefensa da yatsa sai ya riƙa zuba, shaidar cewa an ja buhun siminti fiye da kima kuma ba a ba shi ruwa yadda ya kamata ba. Kankare yana buƙatar ban ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da ake lissafi da shi, abin da masu gaggawar sayarwa ba su cika jira ba, balle a zafin bazarar Katsina.

Inda na ga gazawarsu shi ne rahoton. Ya zo a makare, an kuma rubuta shi da Turancin injiniyoyi zalla, ta yadda mai saye da bai yi zurfi a boko ba sai ya nemi mai fassara, alhali duk bayanin da aka yi mini a bakin rami da Hausa aka yi shi, kuma ya fi gamsarwa. Haka nan ba su taɓa batun takardu ba sam. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978 gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka a birane, kuma gida mai ƙarfin ginshiƙi wanda aka gina ba da izinin hukumar tsara birane ba, ko a kan hanyar ruwa, yana iya zama asara. Ya kamata su haɗa gwiwa da safiyo da lauya domin mai saye ya samu komai a wuri ɗaya.

Game da makomar kadara, ra'ayina shi ne gidajen bayan gari za su ci gaba da daraja, musamman ganin jami'o'in da ke hanyar Dutsin-Ma da kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 kuma zai bi ta Daura da Katsina da Jibia. Amma darajar ba za ta zo wa kowane gida daidai ba, domin nan da damina kaɗan za a bambance rukunin da ke da magudanar ruwa da harsashi nagari da wanda fenti kawai yake da shi. Kuɗin da na biya kamfanin bai kai na shimfiɗa tayil a falo ba, kuma da rahotonsu na koma wurin mai gidan ya amince zai ƙarfafa harsashin bayan kicin ya kuma sake katangar kafin mu kammala ciniki.