Buhun PICS a Sitocin Dawanau: Inda Ya Yi Rana da Inda Yake Ba da Ciwon Kai

Wake yana shiga sito ne da ɓarawonsa a jiki. Tun yana gona ƙwaro ke ɗora masa ƙwai, tsutsa ta huda ƙwaya ta shige, ta ci ta girma a ciki, ta fito ta bar rami. A zafin Kano, daga ƙwai zuwa sabon ƙwaro mai haihuwa bai cika wuce sati uku zuwa huɗu ba. Shi ya sa buhun farin wake da aka ɗinke sumul a Nuwamba, a kwance shi a Maris a tarar da gari a gindi, ƙwayoyi duk huji, mai ƙosai ta ɗebo ta shinshina ta mayar.

Abin da 'yan kasuwa suka saba yi sananne ne: a zuba magani, wani ma har fiya-fiya yake yayyafawa. Sakamakon ya kai ga Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda ragowar guba a jikinsa. Buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai hana iska shiga, ya bi ta wata hanya dabam. Maimakon a nemi abin da zai kashe ƙwaron, sai aka duba abin da ba ya rayuwa sai da shi, aka toshe masa. Masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka tsara shi, shirin yaɗa shi ya fara a 2007 da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, kuma a nan Kano kamfanin Lela Agro ke ƙera shi.

Buhu uku ne a haɗe. Leda biyu masu kauri a ciki, kowacce kaurinta maikiron 80 (kashi 8 cikin 100 na milimita), sai buhun saƙa na yau da kullum a waje wanda ke ɗaukar wahalar ja da dako. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai kilo 100, wato kusan tiya 40. Da zarar an ɗaure, ƙwarin da ke ciki su da kansu ke shaƙe iskar oksijin da ta rage. Idan ta yi ƙasa sai su daina ci, su daina haihuwa, jikinsu ya bushe, su mutu. Leda ta biyu ba ado ba ce: ƙwaron da ke fitowa daga ƙwayar da ta manne da leda yakan ɓula ta ciki, to ta wajen ce ke riƙe iska.

A kan aikin da aka yi shi dominsa, babu abin kushewa. Waken da aka zuba a bushe aka ɗaure daidai yakan kai shekara yadda aka sa shi, ba wari, ba sauyin launi, kuma iri ne da za a iya shukawa. Yana yi wa masara, dawa, gero da gurjiya. Mafi yawan masu cewa buhun ya ci amanarsu, idan aka bi diddigi, a ɗaya daga cikin wurare uku aka yi sake: bushewa, gwajin leda, ko ɗauri.

Bushewa ce kan gaba, domin leda ba ta fitar da laima. Damshin wake kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da na'urar aunawa ya samu busasshiyar kwalba mai murfi, ya zuba wake kamar kashi ɗaya cikin uku, ya ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, ya rufe ya girgiza na minti ɗaya, ya ajiye ta minti 15. Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, wake bai bushe ba, a mayar da shi rana. Cizo ma yana nunawa: busasshe yana fashewa ƙas, mai laima yana lotsewa a haƙori. Kuma kada a kwaso shi daga shanya da zafinsa a ɗura, zai yi gumi a cikin leda ya yi fumfuna. A bari ya huce a inuwa, a sheƙe ƙaiƙayi, a tsince tsakuwa da karan da zai iya tsire leda.

Gwajin leda minti biyu ne. A buɗe kowacce a kaɗa ta cika da iska, a shaƙe bakin da hannu, a danna ta da gwiwar hannu. Idan tana sacewa, akwai huji. A duba ɗinkin gindi da kyau, can ne ya fi buɗewa. Sabon buhu ma a gwada shi, musamman da yake kasuwa ta cika da ledoji marasa kauri da ake sayarwa da sunan buhu mai uku. A riƙe tsakanin yatsu a ja: ta ƙwarai tana da tauri, ta bogi tana miƙewa kamar ledar burodi.

Sai ɗauri. A fara zuba tiya biyu ko uku a ledar farko don ta zauna, a zura ta cikin ta biyu, a zura su cikin buhun saƙa, a naɗe bakunan waje, sannan a ci gaba da zubawa ana jijjigawa don kada iska ta maƙale a lungu. A bar kamar taƙi guda a sama. A matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi gida biyu, a ɗaure da igiya ko robar tiyub. Haka za a yi wa ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗaure su ukun da igiya ɗaya shi ne kuskuren da yaran sito suka fi yi idan mota na jira. Bayan haka a ƙyale shi aƙalla wata biyu. Mai leƙawa duk sati yana ba ƙwari numfashi ne kawai.

Inda buhun ke shan wuya shi ne al'adar kasuwa. A kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano mai saye ba ya yarda da baki, sai dillali ya soka ƙarfen nan mai tsini ya zaro samfur a tafin hannu. Suka ɗaya ta gama da leda biyu. Haka allurar ɗinki, haka jifan da 'yan dako ke yi daga kan tirela. Gaskiyar magana, wannan buhun ajiya ne, bai dace da yawon ciniki ba. Masu dabara sun samo mafita mai sauƙi: ranar ɗauri a cika ƙaramar gora da waken kowane rukuni, a rufe ta gam, a rubuta kwanan wata da lamba iri ɗaya da ta jikin buhu. Mai saye ya ga samfur a gora, idan bai gamsu ba a kwance buhun waje kaɗai ya hango ta cikin leda. Ranar da ciniki ya faɗa, a juye a buhun saƙa, a naɗe ledoji a rataye. Da wannan kula buhu ɗaya yakan yi kaka uku, kuma a kan kaka ukun ya kamata a raba kuɗinsa idan ana lissafi, tare da cire kuɗin magani da na yaran da ke juye wake a sake feshi kowane 'yan watanni.

Ɓera ma bai san leda ba. Ƙanshin wake ba ya fita sosai daga buhun da aka ɗaure, amma idan akwai zubabben hatsi a ƙasa zai zo, ya haɗa da buhun. A share sito, a jera a kan katako, a bar tazara tsakanin buhu da bango, kada rana ta riƙa dukansa ta taga domin tana busar da leda ta tsage.

Mai ajiyar gida na tiya biyar ko takwas bai buƙatarsa. Jarka mai lita 25 da aka wanke ta bushe, aka cika ta har wuya aka sa leda a ƙarƙashin murfi, tana cin kusan kilo 20 kuma aikinsu ɗaya. Mai juya kaya cikin sati biyu shi ma asarar kuɗi zai yi. Wanda buhun ya fi yi wa rana shi ne mai saye da kaka ya riƙe zuwa bazara ko tsakiyar damina, da mai sayar wa makarantun kwana da gidajen abinci, inda "ba magani a ciki" ke ƙara wa tiya daraja. Sai dai buhu na tsare wake ne, ba ya tsare farashi. Waɗanda suka cika sito suka ga yadda hatsi ya karye a 2025 sun san haka.

Wanda bai taɓa amfani da shi ba kada ya fara da tirela. Ya ɗauki buhu goma daga wake iri ɗaya, biyar a PICS, biyar yadda ya saba, ya auna nauyin kowanne ya rubuta. Bayan wata huɗu ya sake aunawa, ya ɗebi ƙwaya 100 daga tsakiyar kowane buhu ya ƙirga masu huji, sannan ya kai samfurin biyu gaban dillali ɗaya ba tare da ya faɗa masa wanne ne wanne ba, ya ji kuɗin da zai taya.