Fankar lantarki ko mai kulochi: wacce za ta riƙe tirela?

Alhaji, ka ce DAF ɗinka tana zafi in ta shiga cunkoso, kuma wani rewaya ya ba ka shawarar a cire fankar injin gaba ɗaya a sa ta lantarki. Kafin ka biya kowa, mu ɗora su biyun a sikeli.

Fankar da motar ta zo da ita, daga injin take samun ƙarfi kai tsaye. Tsakaninsu akwai kulochi mai man silikon a ciki, wanda ke kamawa in zafi ya hau, ya saki in ya sauka. Idan ta kama sosai a babban injin tana iya cinye ƙarfin doki 30 zuwa 50. Rurin da kake ji a kan hawa, ita ce. Iska kam tana bayarwa, amma gas take sha, kuma gudunta yana bin na injin, saboda haka a silo ba ta da kuzari.

Ta lantarki ba ruwanta da totur. Ko mota na tsaye a Apapa za ta juya da cikakken gudu, in ruwa ya huce ta tsaya. Wasu ma suna juyawa baya su hure ƙura da ƙaiƙayi daga lagireto, abin da duk mai ɗaukar hatsi zai so. Shi ya sa bas-bas na cikin gari a Amurka, masu injin a baya inda iskar hanya ba ta bugawa, da yawa suka koma gare ta.

Sai dai a yi lissafin wuta, don a nan maganar take. Altaneta mai amf 100 a motar bolt 24 ba ta wuce wat 2,800, wato ko doki 4 ba ta kai ba, kuma a ciki fitilu da cajin batir suke ci. Fankar lantarki mai kyau guda ɗaya tana jan wat 500 zuwa 800. Gaskiya ne ba ta ɓarnar ƙarfi kamar ta injin, amma guda biyu ba za su riƙe tan 30 na siminti a Hawan Kibo cikin watan Afrilu ba. Waɗancan bas-bas jerin fankoki ake sa musu, da babbar altaneta, da lagireton da aka ƙera don haka. Wannan ba aikin yini ɗaya a gareji ba ne, kuma in fiyus ya ƙone a tsakiyar hawa, gaskit ne zai biya.

Ni a ganina kada ka cire ta injin. A fara duba kulochin: in mai ya tsatso a jikinsa, ko injin ya yi zafi amma ba ka ji rurin fanka ba, ya mutu, a canza shi. Kada kuma ka yarda a yi masa walda ya zama kullum a kame, gas ɗinka ne zai ƙare a banza. A wanke lagireto ciki da waje, a tabbata murfin da ke kewaye da fankar bai fashe ba. In bayan haka allura tana hawa a cunkoso kaɗai, a ƙara fankar lantarki ɗaya ko biyu ta gaba, da nata fiyus da rile da waya mai kauri, ta taimaka a silo.