Kafin ki sayi kalcar yogot, duba madarar da ke hannunki

'Yan uwa masu sana'ar yogot, yawanci in bai kama ba kalca, wato ƙwayoyin da ake zubawa su mai da madara yogot, ake zagi, alhali sau da yawa ba a haɗa ta da madarar da ta dace ba ne. Ƙwayoyin bakteriya suna da zaɓen suga. Tun wajen 1941 Jacques Monod na Faransa ya nuna in aka ba ƙwayar bakteriya E. coli suga iri biyu, gulukos da laktos, tare, sai ta cinye gulukos tas, ta ɗan tsaya, sannan ta koma kan laktos.

Kalcar gari ta cikin leda ƙwayoyi biyu ne a ciki, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, dukkansu laktos suke so wato sugan da ke cikin madarar shanu, suna mai da shi tsami a zafin digiri 42 zuwa 45 cikin awa 4 zuwa 8. Ita ce mai tsada kuma tana son firiza, to in unguwarku wuta sai an ga dama ki yi tunani, amma in dai sayarwa za ki yi ni ita zan ce ki saya don ɗanɗanon yau shi ne na gobe.

Amfani da yogot na kanti a matsayin kalca ya fi araha, sai dai a samu marar suga wanda ba a dafa shi bayan ya kama ba, wanda ke zaune a kanta ba firji ƙwayoyinsa sun mutu, asarar kuɗi kawai. Kindirmo kuma taron ƙwayoyi ne har da yis, in yogot na sha a gida za ki haɗa da shi ba laifi, na sayarwa kam yau daɗi gobe tsami ya yi yawa.

Wajen madara ne ake faɗawa rami. Ful kirim ta fi, mai man ganye ma tana kamawa tunda akwai laktos, amma kirima ta shayi galibi sugan masara ce da mai, ba za ta yi kauri ba. Madarar waken suya ba laktos ko kaɗan, babban suganta sukuros ne wato irin sugan shayi, Streptococcus na cinsa amma bulgaricus bai iya ba, shi ya sa tsaminta ke fitowa salam-salam, ki nemi kalcar da aka rubuta ta waken suya ce.

Sugan shayi kuma ki bari sai ya kama ki zuba, in ya yi yawa tun farko yana rage wa ƙwayoyin ƙarfi.