Sharhi: Ƙaramin jirgin Cutty Sark da na haɗa da hannuna

Kwalin da kayan haɗa jirgin suka zo a ciki babba ne amma ba nauyi, don kusan duk abin da ke ciki roba ce: ɓari biyu na gangar jirgi, katakon dabe, dogayen turaku uku da ake ɗaura filafilai a jikinsu, ɗaruruwan ƙananan kaya, zare baƙi da ruwan ƙasa, sai takardar bayani. Ma'auninsa ɗaya bisa 96 ne, wato in an gama haɗawa tsawonsa yakan kai wajen santimita 90. Ba gam a ciki, ba fenti. Wannan ka tanade su da kanka, tare da reza, hantsaki da samfefa mai laushi.

Zan fara da abin da ya burge ni, wato gangar jirgin. An fito da siffarta siririya mai tsinin gaba, kuma daga ƙasa an zana mata fallayen ƙarfen nan mai ruwan zinariya da ake lulluɓe ƙasan jiragen katako da shi don kada tsutsar teku ta ci su. Tun kana shafa fenti za ka gane cewa gudu aka gina jirgin nan ya yi. A Dumbarton ta ƙasar Skotland aka ƙera shi a 1869 domin jigilar ganyen shayi daga ƙasar Sin zuwa Landan, a zamanin da jirgin da ya riga isowa da sabon ganye shi ke cin kasuwa. Sai dai ya zo a makare. A watan Nuwamban da aka sa shi a ruwa aka buɗe mashigin Suez, jirage masu injin tururi suka samu yanke, masu tafiya da iska kuwa dole su ci gaba da zagayo kudancin Afirka. Cikin 'yan shekaru shayi ya kuɓuce masa, ya koma ɗauko ulu daga Ostireliya, kuma a can ne ya yi suna ƙarƙashin kyaftin Richard Woodget.

Filafilan da suka zo a kwalin kuwa, Allah na gani, ba su yi ba. Siririyar roba ce da aka busa ta yi kumburi, tana ƙyalli, kamar an lulluɓe jirgi da ledar shago. Ga shi suna rufe igiyoyin da mutum ya sha wahalar ɗaurawa. Ni dai na ajiye su gefe na bar turakun tsirara, yadda ainihin jirgin yake tsaye yanzu a Greenwich, a birnin Landan. Zaren ma yana da gashi-gashi, sai da na bi shi da kakin zuma kafin ya kwanta. Kan turakun siriri ne ƙwarai, in ka ja zare da ƙarfi sai ya lanƙwashe, don haka a riƙa ɗaure dama da hagu bi da bi. Takardar bayanin ta yi ƙoƙari wajen ganga da dabe, amma da aka zo igiyoyi sai zanen ya cakuɗe, layi kan layi.

To amma igiyoyin nan su ne ribar kuɗin. Baƙin zare na igiyoyin da ba sa motsi ne, masu riƙe turaku, waɗanda a ainihin jirgi ake shafa musu kwalta. Ruwan ƙasa kuma na waɗanda matuƙa ke ja su saki ne wajen juya filafilai. Duk zaren da ka ɗaura sai ka tambayi kanka aikin me yake yi, in ba haka ba ka rasa inda za ka kai bakinsa. Bayan ka yi wannan da yatsunka, kallon tsoffin hotunan jirage yakan canza maka baki ɗaya. Da farko duk ɗaya nake ganinsu. Yanzu turaku nake fara ƙirgawa, sannan in duba waɗanne ne ke ɗauke da sanduna a gicciye, wato waɗanda ake rataya filafilai a jikinsu.

Ga misali daga jirgin kansa. A 1895 aka sayar da shi ga 'yan Fotugal, suka sauya masa suna zuwa Ferreira. A 1916 guguwa ta karya masa turaku a kusa da kudancin Afirka, da aka gyara sai turken gaba kaɗai ya rage da sanduna a gicciye. Saboda haka in ka ga hotonsa a haka, ka san na bayan 1916 ne, kafin kyaftin Wilfred Dowman ya saye shi a 1922 ya mayar masa da kamanninsa na asali. A zane-zane masu launi kuma ana iya rikita shi da abokin hamayyarsa Thermopylae, alhali wancan koren jiki gare shi, wannan baƙi. Su biyun ne suka yi tseren 1872 daga Shanghai, inda Cutty Sark yana gaba allon da ke bayansa wanda ake juya akalar jirgi da shi ya ɓalle a tsakiyar teku, aka ƙera wani a cikin jirgin, ya iso Landan mako guda bayan Thermopylae. A goshinsa kuma akwai gunkin wata mace mai riƙe da wutsiyar doki, kuma kwalin ya fito da ita da kyau duk da ƙanƙantarta.

Ba kayan wasan yara ba ne, kuma ban ba wanda bai taɓa haɗa irinsa shawarar farawa da shi ba. Aikin watanni ne, mai cin ido da baya. Mu da ke fama da zafi, fenti na bushewa a bakin burushi, gara a yi shi da sassafe. Ƙurar hunturu kuwa in ta shiga tsakanin zarurrukan nan ba ta goguwa, don haka tun kafin ka buɗe kwalin ka je wajen mai gilashi ya auna maka akwati, ka sa kuɗinsa cikin lissafi.