Mai giyar hannu ko otomatik don jan 'yar tirela a gangara?

Ɗan'uwa, tsakanin biyun da ka tambaya, mai giyar hannu za ka ɗauka.

Tawa Hilux ce mai giyar hannu, da ita nake ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos, 'yar tirela a baya. Wanda ya san hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, gangara ce kwana kan kwana. Tun kafin in kai bakinta nake rage gudu, in sa lamba biyu, in ɗauke ƙafa daga kuloci. Injin zai ɗaga murya kamar mai kuka, amma shi ke riƙe nauyin. Nawa kawai in danna birki sosai na ɗan lokaci, in saki ya sha iska. Wata rana da damina muka sauko da lodi, na tsaya a ƙasa, yarona ya kai hannu kusa da wili ya ce ɗumi kawai yake ji. A gefenmu ga wata a-kori-kura, hayaƙi na tashi daga ƙafafun gaba, ƙauri ya cika wurin. Direbanta tun daga sama ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba. Allah ne ya tsare shi.

Zafi shi ne abokin gaban birki. Man birki irin wanda ake kira DOT 3 yana sabo sai ya kai wajen digiri 205 kafin ya tafasa, amma in ya tsufa ya sha danshi, a 140 ma yana iya tafasa. Da ya tafasa, ka taka sai ƙafarka ta zarce ƙasa ba komai. Shi ya sa masu sa mota a firi wai don tattalin mai suke ba ni tsoro. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko.

Otomatik kuwa na taɓa saye, ban daɗe da ita ba. Tana riƙewa in ka mayar da ita 2 ko L, wato ƙananan giyoyinta, amma ban taɓa samun natsuwa da ita a gangara ba.

Sannan ka yi hattara da dillalai. Wani zai rantse maka motar tana jan komai, alhali kulocinta ya gama aiki. Ka je da bakanikenka, ku hau tudu da ita tukuna. Man birki ma akwai jabu a cikin robar na ainihi. In murfin ba a liƙe yake ba, kar ka karɓa ko nawa aka rage maka.

Ita tirelar, a Ingila doka ba ta yarda maras birki ta wuce kilo 750 da kayanta ba. In lodinka ya fi haka, nemi mai birkin kanta, kuma ka jera buhuna masu nauyi a kan ƙafafunta da ɗan gaba, don in nauyi ya koma baya za ta riƙa kaɗa wutsiya.